Wa Ya Cancanci Ya Ɗaura Wa Mota Salansa? Nazari Daga Unguwar Turaki Ta Jalingo

Daga cikin sassan mota babu wanda masu motoci suka fi rainawa kamar salansa, domin tana ƙarƙashin mota inda ido ba ya kaiwa, kuma ba a tunawa da ita sai ranar da ta fashe ta fara ruri a kan titi, ko ta yanke ta riƙa jan ƙasa. A Jalingo, hedikwatar Jihar Taraba, abin da aka saba shi ne a tsaya wurin mai walda mafi kusa ya shiga ƙarƙashin motar ya liƙe inda ya tsage, a biya shi a wuce. Idan kuwa ɓarnar ta wuce liƙi, sai a sayo wata salansar a kasuwa, wadda ba kamfanin da ya ƙera motar ne ya yi ta ba, a ba duk wanda aka samu ya ɗaura. Wannan ɗabi'a gado ce daga zamanin Fijo 504 da tsofaffin Landirobobi, lokacin da salansa ba ta wuce bututu da tukunya ba, kuma duk wanda ya iya riƙe wutar walda yana iya gyara ta. Motocin da suka cika titin Hammaruwa a yau, wato su Corolla da Camry da Sienna da Accord da Hilux, ba haka suke ba, domin a cikinsu salansa ta zama wani ɓangare na tsarin da ke auna man da inji ke sha, kuma wanda ya taɓa ta ba da sani ba ya taɓa aljihun mai motar da lafiyar waɗanda ke zama a cikinta.

Turaki, wadda hukumar zaɓe ta kasa gida biyu, Turaki A da Turaki B, tana cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo da suka ɗauki sunayen sarautun Masarautar Muri, kamar Sintali da Majidadi da Barade da Sarkin Dawaki. Garin kansa Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi a 1893, bayan yaƙin Kona, kuma bai zama babban birnin jiha ba sai a ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. Tun daga wannan lokaci ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da ɗalibai suka yi ta kwararowa, motoci suka yawaita, garejoji da rumfunan walda da shagunan kayan gyara suka bazu a bakin tituna, inda Bafulatani da Bamumuye da Bajukune da Bahaushe da Ibo ke yin ciniki da Hausa. Muhimmancin wannan ga batun da ake magana a kai shi ne cewa a unguwa irin Turaki har yanzu sanayya tana da ƙarfi: ana sanin gidan su bakanike, ana sanin ubangidan da ya koya masa aiki, ana kuma sanin masallaci ko cocin da yake zuwa, kuma wannan wani jari ne da mazaunin babban birni irin Legas ba shi da shi, ko da yake ba kowa ne ke amfani da shi ba sa'ad da motarsa ta lalace.

Abin da ake kira salansa a dunƙule sassa ne da dama da ke jere daga bakin inji zuwa bayan mota. Na farko shi ne manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin da ke fitowa daga kowace silinda ya haɗa shi wuri guda. Daga nan, a yawancin motocin da injinsu ke kwance a gicciye, akwai wani ɗan bututu mai saƙar waya da ke lanƙwasuwa, wanda aikinsa shi ne ya shanye jijjigar inji kada ta karya sauran bututun. Bayansa sai matatar hayaƙi, sai ƙaramar tukunya da ke rage amon da ke damun kunne, sai babbar tukunyar baya wadda a cikinta ake karkatar da hayaƙi ta ɗakuna da bututu masu huda har ƙarfin ƙararsa ya mutu. Dukkan wannan ba a ɗaure yake da jikin mota kai tsaye ba, yana rataye ne da robobi, kuma tsakaninsa da ƙasan mota akwai siraran faranta na ƙarfe da ke tare zafi. A jikin bututun kuma akwai sensa, wato na'urar da ke auna yawan iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi ta aika wa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ƙwaƙwalwar ta ƙara fetur ko ta rage, domin haɗin ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi, wanda shi ne ma'aunin da fetur ke ƙonewa sarai a kansa.

Matatar hayaƙi ita ce kanikawan Nijeriya ke kira indomi, saboda abin da ke cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar nan kafin a dafa ta. Wani gini ne na tangaran mai dubban ƙananan ramuka, an shafe shi da ƙarafa uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda idan suka ɗauki zafi, daga kimanin digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyos, sukan juya gubar da ke cikin hayaƙi, wato kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba da oksaid na naitirojin, zuwa abubuwan da ba su kai su cutarwa ba. A Amurka aka fara saka ta a motoci gaba ɗaya daga 1975, ƙasashen Turai kuma suka bi sahu da dokar hayaƙi ta 1992, kuma tun da yawancin motocin da ke Jalingo 'yan gwanjo ne daga waɗannan ƙasashe, da ita aka ƙera su. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, Rasha kuma na kan gaba a faladiyam, kuma a watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 29,000 a kan kowace oza, wanda ya ninka na zinariya sau fiye da goma a lokacin. Wannan ne ya sa tsohuwar indomi, ko da ta mutu, take da kasuwa a wajen 'yan gwangwan, kuma wannan ne ya mayar da ɗaura salansa aikin amana kafin ya zama aikin gwaninta.

Wahalar zaɓen wanda zai yi aikin ta samo asali ne daga yadda aka raba sana'ar gyaran mota a ƙasar nan, inda kowane fanni ke da mai shi. Mai walda ya san ƙarfe da wuta, yana iya yanka bututu ya lanƙwasa ya haɗa, amma galibi bai koyi abin da sensa ke yi ba, har yakan ɗauke ta a matsayin wata waya da ke tare masa hanya. Bakaniken inji ya san dalilin da ya sa mota ke hayaƙi ko take shan mai, amma ba lallai ne ya iya walda ba, don haka yakan tura yaronsa da motar wajen mai walda, ba tare da ya bi ya ga abin da aka yi ba. Mai wayarin kuwa, musamman wanda ke da kwamfutar duba mota, shi ne ke iya karanta abin da ƙwaƙwalwar ke faɗa, amma shi sai an gama ɓarna ake tunawa da shi. Salansar zamani ta ratsa waɗannan fannoni uku, saboda haka idan aiki ya ɓaci kowannensu yana da wanda zai ɗora wa laifi, mai motar kuma ya rasa wanda zai kama. Hukuncin da wannan nazari ya tsaya a kai shi ne cewa ba sunan sana'ar mutum ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne a samu mutum guda da zai ɗauki nauyin aikin tun daga bincike har zuwa gwaji, ko da zai nemi taimakon wasu, wanda kuma za a same shi a wurinsa bayan mako biyu idan motar ta sake kuka.

Alamar farko ta irin wannan mutum ita ce yana tambaya kafin ya ɗauki zarto. Indomi ba ta cika mutuwa haka kawai ba, kusan kullum wani abu ne daga inji ke kashe ta: fulogin da ya gaji yana barin ɗanyen fetur ya wuce ya je ya ƙone a cikinta har tangaran ɗin ya narke ya toshe, injin da ke cin baƙin mai yana lulluɓe ramukanta da toka, gaskitin kan inji da ya ƙone yana tura mata ruwan lagireto. Wanda ya canza ta bai gyara waɗannan ba ya sayar wa mai motar wata da za ta mutu a cikin watanni. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona kwamfuta, kuma lambar da ta fi fitowa game da wannan sashe ita ce P0420, wadda ma'anarta ita ce sensar da ke bayan matatar ta ga matatar ba ta aiki yadda ya kamata. Amma lambar ba ta ce a sayi sabuwa ba, domin tsagewar bututu ko lalacewar sensar kanta na iya haifar da ita. Ƙwararre yakan duba motsin sensar da ke gaban matatar da wadda ke bayanta a kwamfuta, ya laluba inda hayaƙi ke zurarewa tun inji na da sanyi, idan kuma yana zargin toshewa ya kwance sensar gaba ya ga ko motar za ta samu sauƙin numfashi. Duk wanda ya saurari ƙarar mota daga nesa ya ce wa mai ita, da ladabi da kiran Alhaji ko Hajiya, a cire indomin kawai mota ta sha iska, ya nuna iyakar saninsa, ko kuma ya nuna abin da idonsa ke kai.

Akwai maganganu biyu masu karo da juna da ke yawo a garejoji, ɗaya na cewa cire indomi na ƙara wa mota ƙarfi, ɗaya kuma na cewa yana sa ta shan mai, kuma kowace tana da ɗan gaskiyar da aka faɗaɗa. Motar da matatarta ta toshe lallai za ta samu ƙarfi idan aka fasa ta, amma ƙarfinta na asali ne ya dawo, ba wani sabo ba, kuma lafiyayyiyar matata ba ta tauye inji da wani abin a zo a gani. Shan mai kuma ya fi zuwa ne daga abin da ake ɓatawa a garin cirewar: a ƙone wayar sensa da wutar walda, ko a bar kafa a gaban sensar inda iskar waje ke shiga, sai ƙwaƙwalwa ta zaci fetur ya yi kaɗan ta yi ta ƙarawa. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, mai mota na iya kau da kai daga irin wannan asara. Bayan da lita ta haura naira 1,000 a 2024, ta zama asarar da ke fitowa a cefanen gida. Akwai kuma wata illar da ba a cika ambata ba, wato fitilar gargaɗin inji za ta zauna a kunne har abada, direba ya saba da ita, ranar da wata babbar matsala ta taso kuma babu abin da zai sanar da shi.

Batun amana ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne inda zumunci tsakanin masu motoci da masu gyara ya fi ɓaci. Ana iya buɗe tukunyar matatar a kwashe abin da ke ciki a mayar a liƙe, mai motar bai sani ba sai ya ji sautinta ya canza ko warin hayaƙinta ya ƙaru, kuma sau da yawa ba ya iya tabbatar da inda aka yi, domin wasu motocin tun kafin su iso ake kwashe su. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kaso mafi girma kuma Afirka ya nufa, sannan binciken da hukumomin Holan suka yi a tashoshin jiragen ruwansu ya tarar da wasu motocin da aka riga aka cire musu matata kafin a loda su. Saboda haka adalci ya hana a yi wa kowane bakanike kallon ɓarawo, amma bai hana a yi aiki a bayyane ba. Malaman Malikiyya, waɗanda Musulmin wannan yanki ke bin mazhabarsu, sun daɗe da tsayar da hukuncin lamunin masu sana'a, kuma yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da ake karantawa a zaurukan malamai: mai sana'ar da ya buɗe wuri don jama'a, idan ya karɓi kayan mutum ya keɓe da su, shi ke da alhakin abin da ya salwanta, sai fa in an samu shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Hikimar hukuncin ita ce mai kaya ba ya iya ganin abin da ke faruwa bayan ya juya baya. Mai gyaran da ya fahimci wannan shi da kansa zai nuna wa mai mota halin da matatarsa take ciki kafin ya taɓa ta, ya kuma miƙa masa tsohuwar bayan an cire, ko a yi cinikinta a fili a rage kuɗin daga ladan aiki, domin dukiyar mai motar ce.

Kayan da za a ɗaura ma suna buƙatar idon wanda ya sani. Iri uku ne ke zuwa Jalingo: akwai na gwanjo da aka cire daga motocin waje, waɗanda ake kira Beljiyam, masu fitowa daga kasuwanni irin Ladipo ta Legas, akwai sababbi na kamfanoni dabam-dabam da ke biyowa ta Nnewi da Onitsha ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, akwai kuma tukwanen da masu walda ke ƙerawa da hannu daga falankin ƙarfe. Na gwanjo yakan zauna daidai domin don motar aka yi shi, amma idan ya fito daga yankunan da ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kamar arewacin Amurka da Kanada, tsatsa ta riga ta ci shi, kuma fenti baƙi ko na azurfa na iya ɓoye wannan daga idon mai saye. Sababbin sun bambanta ƙwarai: baƙin ƙarfe zalla shi ne mafi araha kuma mafi saurin ruɓewa, wanda aka shafe da alminiyam ya fi shi daɗewa, ƙarfe mara tsatsa kuma ya fi su duka, ko da yake shi ma hawa-hawa ne, mai lamba 304 ya fi mai lamba 409 jure tsatsa. Ga matata kuwa araha ba ta ado, domin mai rahusa ƙwarai ƙarafan nan masu tsada kaɗan aka shafa mata, wani lokaci kusan babu. Mai mota ba zai iya tantance waɗannan a kan kantar shago ba, shi ya sa ya fi masa alheri ya bar wanda zai ɗaura ya zaɓa a gabansa, da sharaɗin cewa idan kayan suka gaza shi zai koma wa mai shagon.

Abin lura ne cewa a Jalingo salansa daga ciki ta fi ruɓewa. Ƙonewar lita guda ta fetur na samar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi, kuma motar da ba ta wuce daga gida zuwa ofis ko kasuwa ba ta yin zafin da zai busar da shi, sai ya taru a tukunyar baya ya haɗu da farar wutar da ke cikin mai ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 da rage farar wuta a cikin mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, amma motocin da ke kan titi sun riga sun sha shekaru suna ƙona man da ya fi haka datti.

A wajen ɗaurawar kanta ne ake gane hannun da ya ƙware. Wanda ya san aikinsa yakan cire kan batir kafin ya kunna injin walda, ya kuma maƙala wayar ƙasa kusa da inda zai yi aiki, domin wutar da ta ratsa jikin mota na iya ƙona ƙwaƙwalwa, wadda kuɗinta ya ninka na salansar. Yakan kwance sensa ya ajiye gefe, ya kuma lura da inda tankin mai da bututunsa da na birki suka bi. Inda kamfani ya haɗa sassa da noti da gaskit, yakan mayar da su haka, ba ya liƙe komai ya zama sanda guda, domin salansar da aka liƙe daga inji har baya ba ta da inda za ta miƙe idan ta yi zafi, kuma ranar da ake son sauke giya sai an sake yanka ta. Waldar kabaid, wadda ita ce ta fi yawa a bakin titi, tana yi wa baƙin ƙarfe aiki a hannun gwani, amma ƙarfe mara tsatsa yana son wayar walda irin tasa, in ba haka ba wurin haɗin ne zai fara ruɓewa. Robobin rataya kuma ba a maye gurbinsu da waya ko rodi, domin jijjigar da ya kamata roba ta shanye za ta koma ta tsaga manifol. Farantan tare zafi su ne abin da aka fi zubarwa da sunan suna ƙara, alhali matata na kaiwa digiri ɗaruruwa, kuma motar da ke shiga gona ko ruga a lokacin hunturu, ta tsaya a kan busasshiyar ciyawa, na iya tayar da gobara a ƙarƙashinta.

Mafi girman haɗari shi ne wanda ba a gani. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau fiye da 200, shi ne kuma ke kashe iyalai a ɗaki sa'ad da aka kwana da janareto a kusa. Idan aka bar kafa a ƙarƙashin kujeru, ko aka yanke bututun ya tsaya bai kai ƙarshen mota ba, hayaƙin na shiga ta ramukan ƙasan mota da ta but, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Jalingo ke sa a rufe gilashi a zauna cikin mota inji na aiki. Ciwon kai da jiri da gyangyaɗin da direban doguwar tafiya ke ɗora wa gajiya wani lokaci daga nan suke, kuma yara da ke zaune a baya su ne suka fi kusa da inda yake shigowa.

Hanyoyin Taraba suna ƙara wa aikin wasu sharuɗɗa da littafin kamfani bai ambata ba. Motar da ke bin hanyar Mutum Biyu zuwa Wukari, ko ta Numan zuwa Yola, ko take shiga ƙauyuka da damina, tana buƙatar salansar da aka ɗaga ta lafe da jikin mota, domin wadda ta sauko ko da kaɗan ita ce za ta fara dukan dutse da tudun rage gudu. Lokacin da kogin Lamurde da Mayo Gwoi suka cika, ruwa ya kwanta a tituna, matatar da ta yi zafi idan ta faɗa ruwan sanyi tangaran ɗinta na iya tsagewa, don haka ya kamata mai gyara ya gaya wa mai mota wannan. Babban gwaji kuwa shi ne hanyar Bali da Serti zuwa Gembu, inda daga Mayo Selbe ake fara hawan tsaunin Mambilla zuwa tudun da ya haura mita 1,500. Iska na raguwa da tsawo, injin da ba shi da na'urar turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300, kuma a nan ne matatar da ta fara toshewa ko sensar da aka lalata ke bayyana, a wurin da tsayawar mota ba wasa ba ce. Direbobin haya na wannan hanya sun san masu gyaran da aikinsu ke hawa ya sauko lafiya, kuma shaidarsu ta fi kowane allon talla nauyi.

Akwai rukuni na dabam, galibi matasa, waɗanda salansarsu lafiya lau take amma suke son a canza ta don mota ta yi ruri. Abin da ya kamata su sani shi ne faɗin bututu lissafi ne da aka yi shi daidai da girman inji, kuma idan aka faɗaɗa shi fiye da kima a ƙaramin inji, hayaƙi na rage gudu, mota ta rasa kuzarin tashi a cikin gari inda ake amfani da ita kullum. Sannan unguwa irin Turaki gidaje ne a jere da makarantu da wuraren ibada da tsofaffi da marasa lafiya, kuma ƙarar da mutum ɗaya ke jin daɗinta haƙƙin mutane da yawa take ci. Hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009 da na hayaƙin ababen hawa na 2011, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta lissafa fitar da hayaƙi fiye da kima cikin laifukan da take cin tara a kansu. Mai gyaran da ya ce wa matashi a'a, ko ya ba shi tukunya mai sauti mai kauri ba tare da ya fasa matata ba, ya fi wanda zai yi masa duk abin da ya ce.

Takardar shaida ba ita ce ke bambanta masu wannan sana'a ba, ko da yake Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yin jarrabawar gwajin sana'a, hukumar NABTEB ma na ba da shaida, kuma kanikawa na da ƙungiyarsu ta NATA wadda shugabanninta kan shiga tsakani idan aka samu saɓani. Mafi yawansu a hannun ubangida suka koya, shekaru suna miƙa sifana kafin a yaye su, saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce wa ya koya masa, tun yaushe yake a wannan wuri, kuma motocin wa yake gyarawa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a gyara ko a biya shi, amma ba ta da amfani ga wanda ba shi da ko 'yar takardar da ke nuna abin da aka saya da abin da aka biya, don haka ya dace a rabe kuɗin kaya da ladan aiki a rubuce, a kuma faɗi tsawon lokacin da mai aikin ya lamunce. Kafin a bar garejin a tayar da motar, a toshe bakin bututun da tsumma na ɗan lokaci a saurari ko akwai inda ke huci, a goge lambobin da ke ƙwaƙwalwa da kwamfuta, a kuma zagaya da ita tare da mai aikin a kan titi mai gargada. Fitilar gargaɗi ba ta dawowa nan take, sai motar ta yi tafiye-tafiye ƙwaƙwalwar ta kammala nata gwajin, notuna kuma sukan saki bayan ƙarfe ya yi zafi ya huce sau da dama, saboda haka komawa bayan mako guda a sake ɗaure su a sake jona kwamfuta yana cikin aikin, kuma tun a wajen ciniki ya kamata a shigar da shi cikin kuɗin.